Saki Uku a Oba-Oba

Na san abin da ake faɗa a kaina a dangin uwarku, kuma na san kun ji shi, ko da yake ba wanda ya taɓa tarar gabana da shi a cikinku. Ana cewa na saki mahaifiyarku saki uku a gaban jama'a, da na ga abin ya fi ƙarfina sai na yi rantsuwar ƙarya na mayar da ita. Masu faɗa ba sa ƙarasawa. Sai su yi shiru su dubi Hamza da Rabi, waɗanda aka haifa bayan wannan shekarar, su bar mai sauraro ya ƙarasa da kansa. Shekara ashirin ina haɗiye wannan magana saboda kunyar kakanku. Yanzu idona ya fara rauni, hannuna yana rawa idan na daɗe riƙe da alƙalami, kuma ba zan mutu in bar ku da ita ba. Ku ji yadda aka yi, duk wanda ransa zai ɓaci a gidan kawunku kuwa, ya ɓaci.

A wancan lokacin ina aiki a tashar albasa ta kakanku Alhaji, a bakin kwalta tsakanin Malbaza da Konni. Fili ne mai tsawon gaske. Rumfar Alhaji tana bakin ƙofa, wajen lodi yana can ƙurya, tsakaninsu kuwa buhuna ne jibge layi-layi sun fi tsayin mutum. Amalanken jakai suna shigo da albasa daga fadamu, ƙananan motoci suna kawowa har daga Badagishiri, manyan motoci kuma su kwashe su nufi ƙasashen bakin teku. Ni ne mai kula da lodi. Kafin azahar muryata ta dushe saboda ihu, ƙafata ta kumbura saboda kai da komo. Wayar salula a lokacin sai masu hali, ita ma a filinmu sai ka hau tudu take kamawa. A wata tafiya da na yi Sakkwato na ga mutanen wata tasha suna aiki da ƙananan rediyon hannu, mutum yana nan yana ba na can nesa umarni ba tare da ya ɗaga murya ba. Na dawo na dame kowa har aka sayo guda biyar. Ni na yi zarya sau uku zuwa buro, ofishin hukuma, kafin takardar izini ta fito. Waɗanda suka yi lakwal, wato boko, suna ce mata talki-walki, mu 'yan iyaka muka bi bakin mutanen Najeriya muka ce oba-oba.

Sai kun gane yadda take aiki za ku gane sauran labarin. Maɓalli ɗaya ne a gefenta. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Muddin yatsanka yana kai, kai kurma ne, ko kiran sallah aka yi a ciki ba za ka ji ba. Kuma muddin kana danne, ka tare wa kowa hanya, duk mai riƙe da 'yar'uwarta kai yake ji, shi da duk wanda ke tsaye kusa da shi. Babu sirri a cikinta ko na ƙwayar gero. Na zaunar da mutane na koya musu: ka taƙaita, idan ka gama ka ce “gare ka”, sannan ka ɗaga yatsa. Na raba lambobi, domin rabin tashar alhazai ne, ni kuwa ba zan kama sunan surukina in watsa a iska ba. Alhaji Lamba Ɗaya, ni Biyu, kawunku Sanusi da ke tsaron ƙofa da takardu Uku, shugaban 'yan dako Huɗu, ta biyar kuwa ta direba ce, duk wanda zai yi baya-baya da mota a miƙa masa. A cikin biyar ɗin akwai babba ɗaya mai dogon eriya, ta fi sauran ƙarfi. Ba sai na gaya muku hannun wa ta faɗa ba.

Kakanku mutum ne da ya fara da jaki ɗaya, ya ciyar da mutane da yawa, kuma ni kaina ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai riga biyu. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma mutum ne da ba a gyara masa. Da safe zai danne maɓalli ya fara, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen gida, ya tsaya yana jiran amsa yatsansa yana nan daram. Mu huɗu muna amsawa a banza. Sai ka ji ya yi tsaki ya juya ga na kusa da shi, har yanzu bai saki ba.

“Kun gani ko? Yaran yanzu ko gaisuwa ba su amsawa.”

Ni kuwa duk lokacin da muryarsa ta fito daga aljihuna sai in ji na zame takalmi na rusuna, a tsakiyar fili, gaban buhun albasa. 'Yan dako suna mutuwa da dariya. Na je na sami kawunku na roƙe shi ya nuna wa mahaifinsa, tunda ɗa ya fi suruki damar magana.

“Kai kak kawo abinga,” in ji shi, “kai za ka koya mai. Ni ban shiga.”

A tsakaninmu ma'aikata, idan wani ya tare hanya yana zuba, da ya ba da 'yar kafa sai a jefa masa kalma ɗaya: saki. Wato saki maɓallin. A rana ana faɗinta sau hamsin, har ta zama abin tsokana, ɗan dako ya riƙe moɗar ruwa ya daɗe sai a ce masa saki. Kowa a tashar nan ya san wannan kalma, har da kawunku, wanda ni da kaina na sha jefa masa ita. Mutum ɗaya ne ban taɓa faɗa wa ba, shi ne Alhaji.

Kada ku ɗauka ina wanke kaina tas. A wannan makon ina da laifi, kuma babba. Gwaggon uwarku ta rasu a Bazaga, wadda ta goye ta tun tana jaririya, ni kuwa ban je ta'aziyya ba saboda motoci huɗu suna layi. Da ta dawo tana gaya mini yadda dangi suka yi ta tambayata, tana tsakiyar magana idonta da hawaye, sai na ji bakina ya ce, “Na ji, taƙaita.” Ya saba da oba-oba, ya manta a gida yake. Ta dube ni.

“Malam, ni ba direba ba ta,” ta ce.

Ta ɗauki mayafi, ta kama hannun Aminu, ta goya Zainabu, ta tafi gidan ubanta. Yaji ne irin na kowace mace da aka ɓata wa rai, kuma da gaskiyarta. Na yi niyyar biko ranar Juma'a idan motar ƙarshe ta tashi. Da na je tun ranar farko da duk wannan bai faru ba, wannan kam nawa ne, ina ɗauke da shi.

Ranar Laraba da hantsi wani direba mai suna Garba zai shigar da babbar motarsa da baya cikin lungun da ke tsakanin layin buhuna biyu. Lungu ne matsattse, madubi ba ya nuna masa komai, ƙarar inji kuma ba ta barin ya ji ihu. Sai da idona. Na leƙa lungun na ga ba kowa, na hau saman buhuna wajen tsakiya, Garba ya ajiye ta biyar a cinyarsa. Dokata kowa ya san ta: idan mota tana baya-baya, ba mai taɓa oba-oba sai ni. Ina cewa, “Taho, taho, hagu kaɗan, taho,” na ɗaga yatsa don in ja numfashi, sai muryar Alhaji ta cika hanya. Ashe yana zaune da baƙi manoma a rumfa. Ya juya musu baya, ya kai abin dab da bakinsa, ya sassauta murya, a zatonsa idan ya yi haka ni kaɗai zan ji.

“Lamba Biyu. Ibro. Magana ta tsakanina da kai, ba ta kowa ba. Yau kwana ukku ɗiyata tana gidana. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Ni nib ba ka ita ba ka da ko tabarma...”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yan dako sun tsaya da buhu a ka suna saurare. Ina cikin wannan kunyar na waiwaya ƙarshen lungu, sai na hango mutum zaune. Tsoho Mani ne, mai ɗinke bakin buhu, wanda kunnensa ya daɗe da tafiya. Bayan na leƙa ashe ya jawo buhunsa ya shigo inuwa, ya zauna ya ba motar baya yana ɗinki abinsa. Motar kuwa tana ta tafiya a hankali. Na danne maɓalli na yi ihu, “Garba tsaya! Tsaya!” Ba ta tsaya ba. Babbar ta Alhaji ta danne tawa, wadda batirinta ya riga ya yi sanyi tun safe. Garba ya gaya mini daga baya cewa abin da yake ji muryar Alhaji ce da wani ƙugi a bayanta, kuma ya amsa da bakinsa cewa labarin ya yi masa daɗi, ya miƙa kunne ya bar mota tana silala. Na warci albasa na jefi gilashinsa, ta wuce ta sama. Saura taki kamar biyar. Ban san lokacin da kunya ta fita daga kaina ba, na buɗe maƙogwaro na daka wa wanda ya tare hanyar tsawa.

“Saki! Saki! Saki!”

Sannan na ce, “Garba, birki!” Wannan karon ya ji. Motar ta yi gunji ta tsaya, ƙarfen bayanta ya matse buhun da Mani yake ɗinki har albasa ta fashe. Tsohon ya ɗago kai ya fara zagin Garba wai ya cika masa ido da hayaƙi. Ni kuwa na zauna a kan buhuna ina maimaita alhamdu lillahi.

Ga abin da ban sani ba. Lokacin da yatsana yake danne ina ihun tsaya, ni kurma ne. A daidai wannan lokacin Alhaji ya kai ƙarshen jawabinsa, ya rufe da tambaya, kowa ya ji ta ban da ni: “To yanzu ka hwaɗa mini, mi kaka nuhi da ita? Zama ko mi?” Kuma a ranar, ranar kaɗai a cikin wata huɗu, Allah ya tuna masa da darasina. Ya ce “gare ka”, ya ɗaga yatsa. Abin da ya fara shiga kunnensa, da kunnen baƙinsa, da na duk wanda ke tsaye a ƙofa, shi ne muryar surukinsa tana cewa saki sau uku. Bai jira sauran ba, ya murɗe abin ya kashe.

Na taho rumfa ina haki, zuciyata cike da labarin Mani. Na tarar da wurin tsit kamar gidan makoki. Alhaji ya sa takalmi ya shiga mota bai dube ni ba. Kawunku ya tare ni, ya ɗaga yatsu uku dab da hancina.

“Ukku ta. Ni da kaina niƙ ƙilga, kuma ga shaidu.”

“Ukku mi?” na ce.

“Ka san ko mi. Anka tambaye ka zama ko mi, kab ba da amsa. Ka gama da gidanmu.”

Wallahi sai da ya maimaita sau biyu kafin na gane. Kowane Bahaushe ya san “saki” na umarni da “saki” na aure ba amo ɗaya suke fita a baki ba. Amma oba-oba tana tauna murya, kunnen da ya ji tambaya kuma amsa yake jira. Manoman nan baƙi ba na ganin laifinsu. Wanda nake ganin laifinsa shi ne Sanusi, mutumin da ke jin wannan kalma safe da yamma, wanda abar tana rataye a wuyansa ya ji “Garba, birki” da kunnensa. Ya daɗe yana jin haushin cewa suruki ne ke ba da umarni a filin ubansa. Ranar ya sami abin da yake nema, ya riƙe shi da hannu biyu. Kafin la'asar labari ya kai Konni, kafin magariba an gaya wa uwarku ta fara idda.

Washegari ya zo gidana da wani dattijo na danginsu, suka zauna a zaure, fuskarsa ta yi laushi kamar mai kawo alheri.

“Mun samo mahita. Ka ce hushi na yar ruhe maka ido. Akwai malamin da za shi ƙilga shi guda. Ka mai da matarka, ka koma bakin aikinka. Amma zancen mota da Mani, kada wani ya tada shi. Baba ba yaro ba na da za a ce bai iya riƙon rediyo ba.”

Ku dubi cinikin da aka kawo mini. In amsa laifin da ban yi ba, in sa hannu cewa na furta saki uku a gaban mutum talatin, sannan in zauna da matata a kan ƙidayar malamin da aka nemo da gangan, a garin da kowane yaro ya san uku uku ce. Duk don kada a ce Alhaji ya yi kuskure da yatsansa. Kakarku Inna, mahaifiyata, tana bayan ƙyaure tana ji. Da suka tafi ta fito tana kuka.

“Ibro, amshi. Siriki ba a kada shi gaban mutane. Mutumen ga shi yar riƙa ka. In kak kunyata shi, ina za mu sa kanmu?”

Na ce ta je ta dubo mini uwarku Dije tukuna, tunda ni an hana ni ƙofar gidan. Ta je ta dawo jikinta a sanyaye, ta zauna ta kawo mini saƙo.

“Tac ce in tambaye ka abu guda. Ka sake ta ko ba ka sake ta ba? In ba ka sake ta ba, kada ka amshi ko rabin saki don kunyar kowa. Tac ce ita ba ta komawa ɗaki da shakka.”

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a zauren limamin unguwa, tsoho mai natsuwa wanda ba ya gaggawar magana. Alhaji yana zaune a kan buzu, ni ina can bakin ƙofa kaina a ƙasa. Shaidu suka faɗi abin da suka ji, kuma ba su yi ƙarya ba. Liman ya ce idan tambaya da amsa suka haɗu, magana ta yi nauyi. Na ce ni ban ji tambayar ba. Zauren ya ɗauki guna-guni, wani ya yi dariya, kawunku ya ce kowa ya ji sai wanda aka yi dominsa? Sai na buɗe jakata na fito da oba-oba uku da shugaban 'yan dako ya ba ni a ɓoye, har da babbar. Na miƙa wa Garba babbar na ce ya zaga bayan katanga ya yi wa liman magana. Na ajiye ɗaya a tsakiyar tabarma. Ta ukun na sa a hannun liman, na roƙe shi ya matsa gefe ya danne ya ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin. Ya fara ƙirga da muryarsa ta karatu. Yana wajen shida sai ta kan tabarma ta yi ƙugi, muryar Garba ta fito.

“Malam, Malam, akuyarka ta shiga gonar mutane!”

Na kusa da tabarma suka fashe da dariya. Liman yana can gefe da tasa a kunne, ya ci gaba da ƙirga har ashirin, sannan ya ɗago yana tambayar abin da ake wa dariya. Da aka gaya masa sai ya ce a sake. Aka sake sau biyu, ya juya abin a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Aka shigo da Mani, ya ba da labarin buhunsa da ihu irin na kurame. Daga nan liman ya yi tambayar da na kwana biyu ina roƙon Allah kada a yi.

“To kai kana ihun tsaya, mi ya hana direba ji?”

“An tare hanya, Malam.”

“Wa yat tare?”

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na tuna saƙon uwarku, na ce, “Alhaji.” Na yi alwala na dafa Alƙur'ani na rantse cewa maɓalli nake nufi, aure bai zo zuciyata ba. Liman ya ce babu saki, ko ɗaya, Dije matar Ibro ce kamar yadda take ranar Talata. Ya juya ga kakanku ya tambaye shi ko yana da abin cewa. A nan ne kalma ɗaya daga bakinsa za ta kashe maganar har abada. Da ya ce “na gamsu”, da shi ke nan. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

“Malam ya yanke,” ya ce, ya fita.

Duk wanda ke wurin ya gane abin da wannan ke nufi, wato an fi ƙarfina amma ban yarda ba. A kan waɗannan kalmomi uku dangin uwarku suka gina abin da suke faɗa har yau. Washegari aka aiko mini kada in sake taka tashar. Da yamma uwarku ta fito daga gidan ubanta a ƙafa, ƙunshin kaya a ka, Aminu a gaba, Zainabu a goye, ba wanda ya rako ta ko zuwa bakin titi. Muka tattara muka koma Konni, ɗaki biyu na haya kusa da tashar motoci. Na yi watanni ina zaman banza kafin wani mai motocin dakon kaya ya ji labarin wanda ya iya oba-oba ya kira ni. A wurinsa na ƙara dokar da ya kamata in kafa tun farko: direba, idan muryar mai jagora ta ɓace maka, taka birki, kada ka jira. Na koya wa mutane da yawa wannan, na kuma hana kalmar “saki” a bakin aiki, na ce a riƙa cewa “ba da hanya”. Suna dariya idan na ba su dalili, ni ba na yi.

Shekara bakwai duk Sallah ina zuwa gaishe da kakanku. In tuɓe takalmi tun daga waje, in durƙusa, in yi gaisuwa, shi kuwa ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Ban fasa ba. Da aka haifi Hamza na yanka rago na aika musu da cinya guda, kamar yadda ake yi. Kafin azahar aka dawo da ita a cikin kwanon da ta tafi, ba a ko buɗe ba. Uwarku tana ɗakin jego ta ga an shigo da kwanon, ta juya fuska bango. Na sha wulaƙanci a rayuwata, a hannun 'yan duwan, wato kwastan, a hannun masu motoci, amma ba wanda ya ƙona ni kamar naman nan. Jariri ɗan kwana bakwai, me ya yi musu? Duk da haka ina ba kakanku uzuri. Ina cewa tsoho ne, bai fahimci na'ura ba, abin da kunnensa ya ji shi ya riƙe tsakaninsa da Allah, kuma mai kishin 'yarsa ba a zarginsa. Da ya rasu na bi gawarsa a sahun baya na yi kuka na gaske.

A damanar bara mutanen kirki suka zo neman auren Rabi. An yi gaisuwa, an sa ranar kawo kaya. Sai suka aika bincike wajen dangin uwa, kamar yadda aka saba. Ranar ta zo ta wuce ba su zo ba, har yau ba su zo ba. Rabi ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Na ɗauki sandata zan tafi gidan Sanusi, uwarku ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in zauna, akwai abin da ta daɗe tana riƙe da shi. Ta ce ranar da za ta baro gidansu, ta ɗaure kaya, mahaifinta ya kira ta ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ga abin da ya ce mata, ta maimaita mini shi kamar jiya ta ji.

“Dije, na san maɓalli yaka nuhi. Tun ranar Laraba nis sani, da anka ba ni labarin Mani. Aurenki halal na, tahi ɗakinki. Amma mutum talatin sun ji sirikina ya daka mini tsawa, kuma gari ya ji an ce ban iya ba. Ba ni iya tsayawa in ce shi ad da gaskiya. Kada ki hwaɗa ma kowa, ko shi.”

Ya sani. Lokacin da Sanusi yake zaune a zaurena yana kawo mini ciniki, ya sani. Lokacin da liman ya tambaye shi ko yana da abin cewa, ya sani. Ranar da aka ɗora kwanon naman jikansa a kan yarinya aka ce ta mayar, yana zaune a gidan, ya sani. Na tambayi uwarku yadda ta iya kallona shekara bakwai ina durƙusa wa mutumin nan ba ta ce uffan ba. Ta ce ubanta ne ya roƙe ta, kuma ta ɗauka maganar za ta mutu da kanta idan manya suka mutu, ba ta san za ta girma tare da 'ya'yanta ba. Ban yi mata faɗa ba. Ita ta ɗauki kayan da ya fi nawa nauyi, ita kaɗai, ba wanda ta gaya wa. Washegari ta sa mayafi ta je gidan wanta, ta tara matansa da 'ya'yansa a tsakar gida ta faɗi maganar nan da ƙarfi. Sanusi ya ce mamaci ba ya musu, kowa yana iya sa masa magana a baki. Da ta dawo ita ta sayo mini wannan littafin da alƙalami, ta ce in rubuta duka, kuma idan na zo kan mahaifinta kada in sassauta don ita.

Ban sassauta ba. Hamza, Rabi, ku 'ya'yan sunna ne, an haife ku a cikin auren da bai taɓa tsinkewa ba ko na yini ɗaya, kuma wanda ya fi kowa ikon faɗin haka ya faɗa, sai dai a bayan ƙofa ya faɗa. Kullum bayan sallar asuba ina yi wa mamatanmu addu'a ɗaya bayan ɗaya, har da Tsoho Mani. Tun daga ranar da uwarku ta zaunar da ni, idan na zo kan kakanku sai harshena ya tsaya. Ku ku yi masa, jininku ne, kuma yana bukata. Ni ban iya ba tukuna.